Ba a Hawa Shimfiɗar Jumare da Takalmi

Sufeto Musaddiq ya dawo daga sallar Juma'a ke nan, ya ɗaga murfin kular da mahaifiyarsa ta aiko masa daga unguwar Ƙurban, sai wayar ofis ta yi ƙara. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama. Ya dubi tuwon, ya dubi wayar, ya ja tsaki ya ɗauka.

A takardun gwamnati muƙaminsa mulazim ne, wato laftanan, amma Hausawan Madina ba ruwansu da wannan, Sufeto suke ce masa. Kakansa ya zo Hajji daga Kazaure bai koma ba. Shi a nan aka haife shi, Hausar tasa kuwa a gindin murhun kakarsa ya tsince ta, duk ta cakuɗe da Larabci. Amma ta wadatar, domin duk ƙarar da aka ji Hausa a cikinta, teburinsa take ƙarewa.

Mace ce a wayar, tana zuba Larabci kamar ana korarta. A bayanta wani namiji yana ta salati.

"An yi mana sata a unguwar Awali," in ji ta. "Ɗamaru."

"Na zinariya?"

"Na hawan dabino."

Sufeto ya sake kallon tuwonsa. "Baiwar Allah, ɗamarar hawan dabino ai a kowane shago ana sayar da ita."

"Ba irin waɗannan ba. In ba a same su kafin gobe da safe ba, kawuna ya fita daga gasar, kuma ba zai ƙara shiga ba har abada."

"Gasar me?"

"Rawa."

Rawa, a Awali, cikin gonakin dabino! Sufeto mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf, abin da ya kai shi aikin ɗan sanda ma ke nan. Ya mayar da murfin kular, ya ƙwala wa direbansa Kofur Abdulfattah kira.

Gonar tana bayan wata doguwar katanga mai ƙofar ƙarfe. Lokacin barbarar dabino ne, lokacin da ake hawa namiji a yanko furensa a ɗaura wa mata, saboda haka garin furen, rawaya-rawaya, ya bi komai, har gilashin mota. Can ciki injin ban ruwa yana ta ruri, sai mutum ya ɗaga murya ake jinsa.

Wadda ta yi wayar ta tare su. Sunanta Afnan, tana aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Tana jin Hausa tsaf, amma kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a nan, da Larabci take amsawa. Ta kai su wani tsohon sito da ake tara dabino a ciki a da. An share shi tas, an shimfiɗa baƙar roba mai sheƙi daga bango zuwa bango.

Sufeto ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Kai! Takalmi!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Tun da ya fara sa kaki ba wanda ya taɓa daka masa tsawa haka in ba mahaifiyarsa ba. Mai tsawar wani siririn mutum ne, furfura ta fara cin gemunsa, idonsa jajir. Sai da maganar ta fita ya lura da wanda ya yi wa.

"Ka gafarce ni, ranka ya daɗe. Baki ne ya riga ni. Ba a hawa nan da takalmi, ko mai gonar da kansa cirewa yake yi."

"Kawuna ne, Jumare," in ji Afnan. "Shi ya tsara rawar."

Sufeto ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, yana gode wa Allah da yau bai sa safar nan mai huda ba.

Jumare ya ba da labarinsa a taƙaice. Ya yi shekaru yana rawar koroso a Kano, daga baya ya koyi rawar zamani, ya taka dandamali a garuruwa da dama, har ranar da ya faɗo gwiwarsa ta tashi aiki. Ya zo Madina ya kama aikin kula da masu hawan dabino a wannan gona. Yana zaune yana kallon yadda suke jingina da ɗamara, su wurga ta sama, su bi ta da ƙafa, sai ya ga rawa a ciki. Ya zaɓi mutum biyar cikin ma'aikatan, mai gonar ya ba su siton, kafilin kowa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya sa hannu.

"To, ku fahimtar da ni," in ji Sufeto. "Me ya sa ba za a sayo wasu ɗamarun ba?"

Afnan ta gyara tsayuwa. Da gani ta haddace dokokin gasar kamar karatun allo.

"Wata ƙungiya ce a Jidda take shirya ta, ta ƙwararru ce. Mai tsarawa kada ya wuce shekara arba'in da biyar. Kawu watan gobe zai wuce, wannan ce damarsa ta ƙarshe. Rawar dole ta zama sabuwa. Kiɗan kuma ko naka ne, ko ka kawo izinin mai shi a rubuce."

"Ni kuwa ba ni da makaɗi, ba ni da wanda zan roƙa izini," in ji Jumare. "Sai na sa aka kawo mini akayau daga gida, irin wanda masu rawa suke ɗaurawa a ƙafa. Matata ta ɗinke su a jikin ɗamarun. Kowace ɗamara da muryarta. Su ne kiɗan, ranka ya daɗe. In babu su, maza biyar ne kawai suke tsalle a ɗaki."

"Mun aika bidiyo, mun tsallake zagayen farko," Afnan ta ci gaba. "Gobe da safe kwamiti zai zo ya gani da idonsa. Abin da ke cikin bidiyon shi za su tarar, mutanen da kayan, ba a canja ko ɗaya. Wanda ya janye, ya janye da ƙungiyarsa duka. Kuma ɗan rawa ɗaya ba ya shiga ƙungiya biyu, in aka kama shi an kori biyun."

"In wani ya wayi gari da zazzaɓi fa?"

"Mai tsarawa kaɗai aka yarda ya maye gurbin mutum ɗaya."

Jumare ya yi wata dariya marar daɗi, ya bugi gwiwarsa ta hagu. "Wannan dokar ba don irina aka yi ta ba."

Ya nuna ƙusoshi biyar a jikin bango, duk wayam. Nan ake rataye ɗamarun. Da zaren dabino aka saƙa su, in ji shi, ba a naɗe su, ba a ajiye su a ƙasa, in ba haka ba zaren ya karye. Tsohon da ya saƙa su ma ya koma gida Damagaram.

"Yaushe ka gan su na ƙarshe?"

"Da hantsi. Mun gama gwaji, na goge shimfiɗar nan da hannuna kamar kullum, na kulle, muka tafi Juma'a a masallacin Ƙuba."

Sufeto ya tsuguna, ya kwantar da kai yana kallon robar ta gefen haske. Ga su nan kuwa: sawun ƙafa, rawaya da garin fure, daga ƙofa zuwa wajen ƙusoshi, daga ƙusoshi zuwa ƙofa. Ƙafa ce tsirara, mai tafiya a kan yatsu. Ya koma bakin ƙofa. A kan dakalin waje, cikin ƙura, akwai shatar silifa biyu, an jera su kusa da juna tsaf.

Daɗi ya kama shi, irin daɗin da yake ji idan ƙara ta fara buɗe baki.

"Malam Jumare, na daɗe ina kama ɓarayi, ban taɓa ganin mai ladabin wannan ba. Ya zo sata, ba kowa a gona, amma ya tsaya ya cire takalmi. Ni da na zo taimakonka ma sai da ka yi mini tsawa."

Jumare ya dubi sawun, ya dubi shatar silifar. Fuskarsa ta sauya.

"Yarana ba za su yi mini haka ba."

"Su wa kuka tafi masallaci tare?"

"Uku suna tare da ni a motar gona."

"Biyun fa?"

"Ɗanlami da Zakiru," in ji Jumare a hankali.

Kafin ya neme su, Sufeto ya fara da mai gadi. Maiwada ne sunansa, dattijo mutumin Maraɗi, yana zaune bakin ƙofar ƙarfe yana firfita gawayin shayi.

"Baba, sannu da aiki. Ka bar ƙofar nan yau?"

"Ni? Ko nan da can ban gusa ba."

"Tun safe?"

"Tun sahe, wallahi... tun sahe."

"Ashe yau ba ka yi Juma'a ba ke nan."

Maiwada ya zabura har ya kusa kifar da butar. "A'uzubillahi! A Madina? Na tahi Ƙuba bisa kekena, sahun gaba ma na samu!"

"To da ka ce ba ka gusa ba?"

Dattijon ya sosa ƙeya. Ashe tsoron mai gona yake ji, saboda an ce ya riƙa tafiya da makullan a aljihu, shi kuwa aljihunsa ya ɓule, sai yake tura su ƙarƙashin randar ruwan sha.

"Wa ya san wurin?"

"Kowa na gonar nan. Har kyanwa ta sani."

"Mota ta shigo ko ta fita?"

"Babu, sai tamu. Ka duba ƙasa, ni na share ta da sahe. Kuma yallaɓai, abin nan hwa ba ya ɓoyuwa. Guda ka ɗauka ka yi taku biyu, sai an ji ka a gonar maƙwabta. Wa zai rungumi biyar ya bi titi ranar Juma'a, mutane na komowa daga masallaci?"

"Ke nan suna cikin katangar nan."

"An duba ɗakuna, an duba rijiya, an duba ƙarƙashin katifu. Babu." Ya miƙa wa Sufeto ƙaramin kofi, ya juya ya harari cikin gona. "Ga wannan injin ya hana mutum jin kunnensa. Mu da asuba muke ban ruwa. Ban san wanda ya tada shi da tsakar rana ba."

Sufeto ya kurɓi shayin. Sukari ya yi yawa, amma ya shanye, ya yi godiya.

Ɗanlami suka tarar a inuwar ɗakin ma'aikata. Gajere ne mai kumatu, irin mutanen da ko suna cikin tashin hankali fuskarsu kamar za su yi dariya.

"Ina ka yi Juma'a?"

"Masallacin unguwa, ranka ya daɗe. Daga nan na dawo na kwanta."

"Ba ka biya ko'ina ba?"

"Abadan."

"Me ka ci da rana?"

Ɗanlami ya saci kallon Jumare da ke tsaye daga nesa. "Dabino uku da nono. Maigida ya hana mu shinkafa da nama har a gama gasa."

Sufeto ya miƙa hannu, ya ciro wani abu daga wuyan rigar Ɗanlami, ya ɗaga shi sama. Ƙwayar shinkafa ce doguwa, ja da mai.

"Wannan wane irin dabino ne?"

Kofur Abdulfattah ya juya baya yana tari.

"Don Allah, ranka ya daɗe, a rufa mini asiri," in ji Ɗanlami cikin raɗa. "Gidan abincin Bukhari na bakin titi na je. Rabin kaza kawai. Mai wurin ya san ni, ku tambaye shi. Sati nawa ina ganin kaza a mafarki!"

Kofur ya buga waya, mai abincin ya tabbatar, har ya ƙara da cewa kaza guda ce ba rabi ba.

"Aikinka me ne ne a gonar?"

"Ban ruwa. Ni ko gajeren dabino ba na hawa, jiri nake ji. A rawar ma ni ne na ƙasa, wanda ake takawa."

"To kai ka tada injin nan?"

"Ni na dawo na tarar yana yi. Na je zan kashe, Zakiru ya ce in bari, wai sababbin dashe suna jin ƙishi. Shi ne babba a cikinmu, ban yi musu ba. Amma kwarin har ya cika yana malala."

"Yaya Zakiru yake a 'yan kwanakin nan?"

"Gaskiya ba shi da walwala. Ranar da aka ce mun tsallake, kowa yana tsalle, shi ya shige ɗaki. Muka ce ko ciwon kawunsa ne. Yana da kawu marar lafiya a garin Yanbu, duk ranar hutu can yake zuwa."

Sufeto ya koma bakin sito wajen Afnan.

"Cikin waɗanda suka tsallake, akwai 'yan Yanbu?"

"Akwai. Ƙungiyar wani Dumbulwa. Masu gasar sun sa ɗan guntun bidiyon kowa a shafinsu."

"Kawunki ya kalla?"

"Ba ya kallon aikin kowa. Wai kada ya shiga kansa."

"Yau zai kalla."

Ta buɗe wayar. Maza bakwai ne sanye da farare, kowa ya naɗe fuskarsa da farin ƙyalle, ido kawai ake gani. Ga Sufeto duk ɗaya suke. Jumare kuwa ya karɓi wayar da ƙyar, ya kalla kaɗan, sai ya nemi dakali ya zauna.

"Na tsakiyan nan," in ji shi. "Dubi yadda yake sauke kafaɗar hagu kafin ya juya. Ba wanda yake haka sai wanda ya saba jingina da ɗamara. Ni na gyara masa ita, da hannuna na riƙa danna kafaɗar nan har ta zauna."

Bai ambaci suna ba, Sufeto ma bai tambaya ba. Tausayin mutumin ya kama shi sosai.

Bayan la'asar, lokacin da iska take fara kaɗawa daga wajen duwatsu, Sufeto ya tara kowa a tsakiyar gona. Zakiru ya zo daga ƙarshe. Dogo ne, kyakkyawa, yana tafiya kamar ƙasar ba ta jin nauyinsa. Ya gaida Sufeto da ladabi, ya tsaya a gefen Jumare.

"Ina ka yi Juma'a, Zakiru?"

"Harami na tafi ni kaɗai, ranka ya daɗe, in roƙa mana nasara."

"Allah ya karɓa. Wa ya gan ka?"

"Cikin wannan taron? Ba wanda na sani."

"Kai ka tada injin ruwa?"

"Dashen suna buƙata."

"Ya jikin kawunka na Yanbu?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Madalla. Sunansa Dumbulwa, ko?"

Zakiru ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya ɗaga murya. "Ɗanlami, je ka kashe injin nan."

Ɗanlami ya ruga. Rurin ya yi ƙasa, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Gonar ta yi tsit, har ana jin kukan kurciya daga wata gona. Suka tsaya haka, ba mai magana. Sufeto kansa ya fara tunanin ko ya yi kuskure, ya ji kunya tana tahowa.

Sai iska ta taso.

Cas... cas-cas... cas.

Siririyar ƙara ce, ba a san daga inda take zuwa ba. Kowa ya hau waige-waige, wani ya dubi rijiya, wani ya dubi katanga, Maiwada har yana leƙa ƙarƙashin amalanke. Sufeto bai nemi ƙarar ba, fuskar Zakiru yake kallo. Idon Zakiru ya tafi kai tsaye can ƙarshen gona, kan wani dogon namijin dabino da ya fi kowane tsawo. An riga an yanke furensa kaf, ba mai dalilin hawansa sai baɗi.

"Kowa yana nema a ƙasa, kai kaɗai ka dubi sama," in ji Sufeto. "Ka hau ka sauko da su."

Zakiru ya ɗauki ɗamarar aikinsa ba tare da gardama ba. Ko a wannan hali, hawan nasa abin kallo ne. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, kowace a miƙe a kafaɗarsa, yana miƙa wa Jumare da hannu biyu. Jumare ya bi kowace da yatsa. Ko zare ɗaya bai karye ba.

"Ka ba ni mamaki," in ji Sufeto. "Da ka cusa su a buhu ka turbuɗa a rami, da har yanzu ina yawo. Me ya kai ka rataye su inda iska za ta kaɗa su?"

Zakiru ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Ba a naɗe su, ranka ya daɗe. Karyewa suke."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Dumbulwa ya gan shi a wani biki, ya yi masa alkawarin zama na gaba a ƙungiyarsa, da aikin rawa na dindindin, ba hawan dabino ba. Shi kuwa ya kasa duban idon Jumare ya ce zai tafi. Sai ya shiga biyun, yana cewa a ransa ai dole ɗaya ta faɗi a zagayen farko, magana ta mutu.

"Sai duka suka tsallake. In na tsaya a biyun, a kori kowa. In na janye daga nan, kun faɗi, kuma sunana ne a kai. Na ce in kaya suka ɓace, ba laifin kowa ba ne. Wallahi jibi zan mayar da su kan ƙusoshinsu. Na rataye su iska ba ta tashi ba, da na ji sun fara magana sai na tada injin."

"Ka mayar da su jibi in yi me da su?" in ji Jumare. Muryarsa ba ta tashi ba. "Zakiru, da ka zo ka ce mini, Maigida, na samu inda ya fi, wallahi da ni zan raka ka tasha. Tun kafin a ɗauki bidiyo da na sa wani."

Zakiru ya durƙusa, hawaye yana zuba. "Kunya ce, Maigida."

"Kunya ta hana ka magana, ba ta hana ka wannan ba."

Kofur ya sa masa ankwa. Jumare ya kasa jurewa, ya kama hannun Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ni na yafe. Kaya sun dawo."

"Yafiyarka a ofis za ka zo ka yi ta a rubuce, kuma za ta taimake shi. Amma an shigar da ƙara, yau dai sai ya bi ni."

"Ko an sake shi ba zai taka mana ba, ya hali," in ji Afnan, tana kiransa kawu da Larabci. "Yana cikin bidiyon Yanbu. In kwamiti ya gan shi a nan, an kore mu."

Sai a lokacin lissafin ya faɗo wa kowa. Ga ɗamaru biyar, ga 'yan rawa huɗu. Sufeto ya ji daɗin nasararsa ya tsiyaye. Ya bar tuwonsa, ya kama ɓarawo, amma mutumin da ya zo dominsa yana nan inda yake da rana.

Afnan ta matso kusa da kawunta. Wannan karon da Hausa ta yi magana, Hausar da ba ta cika fita daidai ba.

"Kawu. Mai tsarawa yana shiga wurin mutum ɗaya. In kira su yanzu in gaya musu?"

"Da wace ƙafar? Tun da na faɗi ban taka a gaban mutane ba. In je in zube a gaban kwamiti?"

"In ka zube, ka zube a kan shimfiɗarka," in ji Ɗanlami. "Ni ne na ƙasa, Maigida. Ka faɗo kaina, yau na ci kaza."

Dariya ta ƙwace wa mutane, har Maiwada. Jumare bai yi ba, gwiwarsa yake kallo.

Kofur ya riga ya kai Zakiru bakin mota. Sai Zakiru ya juyo, hannuwansa a haɗe.

"Maigida! Babban juyin nan, ka yi shi a kan ƙafar dama, ka fara daga bayan Ɗanlami. Na gwada, yana fita. Ba mai ganewa."

Jumare ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki ɗamarar Zakiru, mai siririyar murya, ya zagaya ta a ƙugunsa, ya ja ƙullin.

"Afnan, kira su. Ku kuma me kuke jira? A cire takalma."

Sufeto ya shiga gaban mota. Ƙofar siton a buɗe take, daga nan ana hango baƙar shimfiɗar. Kofur ya kai hannu kan makulli.

"Dakata tukuna," in ji Sufeto.

Akayau ya fara, ɗaya, sannan biyu, sannan biyar gaba ɗaya, kamar ruwan sama a kan kwano. Maza suka jingina da iska kamar akwai dabino a gabansu, suka wurga ɗamara, suka bi ta. Jumare ya fara a ɗarare, ɗingishin yana nan. Can sai ɗingishin ya shige cikin kiɗan, ya zama kamar da shi aka tsara. Da aka zo babban juyin ya ɓullo ta bayan Ɗanlami, ya sauke kafaɗar hagu, ya juya a kan ƙafar dama, ya tsaya cak. Afnan tana bakin ƙofa da waya a kunne, ta ɗaga musu hannu alamar kwamiti ya amince.

Sufeto bai san rawa ba, amma ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Ya dubi madubi. A kujerar baya Zakiru yana zaune da ankwa, fuskarsa sharkaf, kafaɗarsa ta hagu tana sauka daidai da kowane bugu.

"Bai taɓa nuna mana haka ba," in ji shi a hankali. "Ashe duk abin da nake taƙama da shi, guntun nasa ne."

"Da ka yi haƙuri, da gobe kana gefensa," in ji Sufeto. Ya gyara hularsa, ransa fari duk da yunwar da ke cinsa. "Yalla, Kofur, mu tafi."

Maiwada ya buɗe musu ƙofar ƙarfe. Har suka hau titi, Zakiru bai daina waiwaye ba, ƙarar akayau tana bin su ta saman katanga.